Jinjina ga masu wasa wuƙaƙen injin kara

A ƙasar Kurfai, inda shanun Azawak na Tukunus suka yi suna, karan hatsi shi ne madogarar dabba da rani, kuma injin datsa kara ba ya amfani sai wuƙaƙensa na da kaifi. Maƙeran Filinge kan kwance su, su wasa sannu a hankali don kada zafi ya lalata ƙarfen, su daidaita nauyinsu, su ɗaure tamau. Wani zai ce a sayi sababbi, amma sai an aika Yamai, ga tsada ga jira. Dakusasshiyar wuƙa kuwa mai take sha, tana tauna kara maimakon yanka shi. Haƙurin waɗannan bayin Allah makiyayi ke mora.