Murɗaɗɗen Ido a Saƙar Mozayik

Saƙar mozayik dabara ce ta fitar da zane mai launi biyu ba tare da mai saƙa ta riƙe zare biyu a lokaci guda ba. Barbara Walker, wata Ba'amurkiya, ita ta raɗa mata wannan suna. Ta ware mata babi a kundinta na biyu na zanukan saƙa a 1970, sannan ta yi mata littafi sukutum, Mosaic Knitting, a 1976. Ƙa'idar ba ta da yawa: layi biyu da zare mai duhu, layi biyu da mai haske. In ana tafiya da mai duhu, duk idon saƙa, wato madaukin zaren da ke kan tsinke, da ake so ya zauna da haskensa sai a tsallakar da shi zuwa ɗaya tsinken ba a saƙa shi ba, zaren ya bi ta bayan aiki.

Daga nan matsalar take tasowa. Idon da aka tsallake sau biyu dole ya miƙe ya kai tsayin layi uku. Yakan janyo zare daga maƙwabtansa, ya saki jiki, bakinsa ya buɗe, har ɗaya launin ya riƙa leƙowa ta tsakiyarsa. Ulu na gashin tumaki yana da taushin komawa mazauninsa, yakan rufa wannan asiri bayan wanki. Auduga da zaren roba, irin wanda aka fi yi wa jarirai hula da rigar sanyi da shi a hunturu, ba su da wannan haƙuri. Yadda idon ya buɗe, haka zai zauna.

Maganin da wasu masu saƙa suka kama shi ne murɗe idon. Sa'ad da lokacin saƙa shi ya zo, sai a soka tsinke ta ƙafarsa ta baya maimakon ta gaba. Ƙafafun biyu su harɗe, bakin ya tsuke, layin launi ya fito siriri, tsaf, ya ɗan ɗago sama da sauran saƙar. Dabarar ta girmi Walker nesa ba kusa ba. Safar kwarin Enns a ƙasar Ostiriya, wadda Maria Erlbacher ta tattara zanukanta, da murɗaɗɗen ido aka gina adonta, sai dai can launi ɗaya ne, tudu da kwarin saƙar su ne zanen. Abin da ya burge ni a haɗa ta da mozayik shi ne arharta. A saƙar da ake juyawa gaba da baya, murɗe ido ta bayan aiki wahala ce ga yatsu. Amma a mozayik, idon da aka tsallake kullum a layin gaba ake fara komawa kansa, don haka murɗin yana faɗowa daidai inda hannu ya fi sakewa.

Duk da haka ban yarda da masu murɗe kowane ido ba. Mozayik dama gajeriyar saƙa ce, tsallake-tsallaken suna cinye mata tsayi. In aka ƙara matse faɗinta, sai ta yi tauri kamar tabarmar kaba, ta dace da jaka ko rigar matashin kai, ba da wuyan yaro ba. Ga kuma karkata: idanun da duk aka murɗa gefe guda suna jan ƙyallen ya yi kwana, guga ba ta daidaita shi. A ganina murɗi haƙƙin dogon ido ne kaɗai, musamman a saƙa mai santsin fuska. A mai gurza-gurza, wadda ake saƙa gaba da baya iri ɗaya, tudun layukan kan ɓoye yawancin sakin, murɗin bai cika biyan wahalarsa ba.

Akwai kuma murɗin da ke zuwa ba a gayyace shi ba. Ƙa'ida ita ce a tsallakar da ido yadda yake zaune a kan tsinke. Wadda ta ɗauke shi ta fuskar saƙa ta juya masa zama, in ta dawo ta saƙa shi ta gaba zai harɗe, amma zuwa ɗaya gefen. Masu koyo sukan ga zanensu ya yi dabbare-dabbare, wani ido a buɗe wani a tsuke, su ɗora wa zare laifi. Gwanar da ta gane abin da ke faruwa kuwa ta samu murɗi iri biyu a hannunta. Sai ta sa na dama a rabin zane, na hagu a ɗaya rabin, ɓangarorin su fuskanci juna, jan wannan ya kashe jan wancan, ƙyallen ya tsaya a miƙe.