Muryar Manomi a Nazarin Ilmin Falaki

A 1967 Mervyn Hiskett ya yi nazarin lissafin taurari na Larabawa cikin rubutattun waƙoƙin Hausa, watau manziloli 28 da malamai kan ƙidaya yanayin shekara da su. Aikin abin yabo ne, sai dai alƙalamin malami ya rinjayi bakin manomi. Surayyar malamai ita ce Kaza da 'Ya'yanta ga manomin Roni ko Gwiwa. Haka kuma Zuhura, da magariba Zara ce, da asuba Gamzaki. Sunayen biyu shaidar lura ce da lokutan fitowarta. Don haka wajibi ne jami'o'inmu su tattara bayanan dattawan Kazaure da Babura, su ambace su a matsayin masana, tun ƙasa ba ta rufe idanunsu ba.