Ƙugiya da Ɗigo: Tsokaci Kan Littattafanmu da Ake Matsewa a Waya

Duk mai bibiyar adabin Hausa ya san cewa ɗakin karatunmu mafi girma a yau yana cikin aljihu. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga zangon Kumasi zuwa Garwa, littattafan da a da sai mutum ya yi tattaki zuwa Kano ko Zariya kafin ya same su, yanzu ga su nan suna yawo a WhatsApp da Telegram. Ruwan Bagaja, Magana Jari Ce, Ganɗoki, Shaihu Umar, har da waƙoƙin ajami na malaman da, duk an ɗauki hotonsu shafi-shafi an haɗa a PDF. Tunda waɗannan kwafe-kwafe su ne bugun da yawancin matasanmu suka sani, ya kamata a baje su a faifai, a yi musu sharhi kamar yadda ake yi wa kowane bugu.

Bari mu fara da yi wa masu wannan aiki adalci, domin matse fayil dole ce ta sa. Takarda A4 guda, idan aka sikana ta da launi a kan ɗigo 300 a kowane inci, tana fitowa da ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato ɗigo kusan miliyan 8.7. Nauyinta kafin a matse yana kai mega 26. Shafi 200 ke nan ya haura giga 5. Wane ɗalibi ne zai sauke wannan a garin da rezo ke zuwa yana ɗaukewa, da wayar da ta cika da hotunan biki? Littafin da ba ya saukuwa da shi da babu duk ɗaya. Saboda haka ba wanda zai ce kada a matse. Abin tambaya shi ne: me ake zubarwa in an zo matsewar, kuma wa ya zaɓa?

Matsewa iri biyu ce. Akwai wadda ke naɗe bayanai kamar naɗin tabarma, in an warware su dawo yadda suke, irin ta PNG da wasu nau'o'in TIFF. Akwai kuma wadda ke zubar da wani abu har abada, irin ta JPEG, wadda aka fitar a 1992 domin hotunan mutane da wurare. JPEG tana yanka hoto gida-gida, ɗigo 8 a kan 8, ta rage ƙananan bambance-bambancen da take ganin ido ba zai lura da su ba. A fuskar mutum wannan dabara tana tafiya daidai. A kan rubutu kuwa, inda baƙi ke haɗuwa da fari kai tsaye, sai ta bar wani hazo-hazo a gefen haruffa. Kuma duk lokacin da aka sake matse hoton, ɓarnar ƙaruwa take yi. Shafin da aka tura a matsayin hoto ta WhatsApp, wani ya ɗauki hoton allon wayarsa, wani ya sake haɗa shi a PDF, ya sha matsa sau uku ke nan kafin ya iso hannunka.

A nan ne Hausa ta fi wasu harsuna shiga tsaka mai wuya, domin ma'anarmu tana rataye ne a kan ƙananan alamomi. Ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a yawancin littattafai ba ta kai milimita ɗaya ba. A kan ɗigo 300, milimita tana samun ɗigo kusan 12. In aka sauko zuwa ɗigo 100 don a rage nauyi, sai ta koma ɗigo 4, hazon JPEG kuma ya haɗiye saura. Sai baƙi ya zama baki, faɗa ta zama fada, ɓari ya zama bari, ɗaiɗai ya zama daidai. Dattijon da ya sha karatu zai gyara a ransa ya wuce. Yaron Accra ko Yawunde da ke koyon rubuta harshen iyayensa daga wannan kwafi fa? Abin da ya gani shi zai ɗauka, gobe shi zai rubuta.

Ajami ya fi shan wahala. Ba da ta da nun da ya a tsakiyar kalma, ɗigo ne kawai ke raba su. A rubutunmu na Magaribi, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. Wasalin da ke ba mu sautin "e" shi ma ɗigo ne a ƙarƙashin harafi. Sannan malamai da yawa da jar tawada suke sa wasali. Manhajojin sikanin waya suna da wani maɓalli da ke wanke shafi ya koma fari fat da baƙi wuluk, mutane na son sa don yana sa takarda ta yi kyau, fayil ya yi sauƙi. To wannan wanki kan ɗauke jar tawadar da ta koɗe, ko ya mayar da tabon ruwa ya zama ɗigo. Waƙa kuwa a kan ma'auni take tafiya. In wasali ya ɓace, karin ya karye, mai nazari ya zo yana ɗora wa marubuci laifin da na'ura ta yi.

Akwai haɗarin da ya fi hazo, wato kuskuren da ke zuwa da tsabta. A 2013 wani masanin kwamfuta ɗan Jamus, David Kriesel, ya gano cewa wasu injunan sikanin Xerox suna musanya lambobi a takardu, 6 ta koma 8. Dalili shi ne tsarin matsewa na JBIG2 da aka sa musu yana tara siffofin da suka yi kama, ya ajiye guda ɗaya, ya riƙa manna ta a madadin sauran. Shafi ya fito tas, amma abin da ke ciki ba shi ne a takardar asali ba. Kamfanin ya amsa matsalar, ya fitar da gyara. Mu tambayi kanmu: dabarar da ta kasa raba 6 da 8, wace tabbas muke da ita cewa za ta raba k da ƙ?

Abin takaicin shi ne sau da yawa garin neman ƙiba ake samo rama. Littafin boko da aka buga da baƙar tawada a farar takarda, in aka sikana shi baƙi da fari zalla a kan ɗigo 300 zuwa 400, aka matse da tsarin da ba ya zubar da komai irin na CCITT G4, shafi yakan tsaya ƙasa da kilobait 100, haruffa kuma garau. Wannan yakan fi hoton launi mai dishi-dishi sauƙi da kyau gaba ɗaya. Ajami da tsofaffin takardu su ne ke buƙatar launi, kuma a kansu bai kamata a yi rowar mega ba.

Masu adana kayan tarihi sun daɗe da raba gardamar. Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yana neman a ajiye hotunan asali a TIFF, daga baya a fitar da ƙananan kwafi don masu karatu. Uwa daban, ƴa daban. Uwa tana zaune a ma'aji da nauyinta, ƴa tana yawo a waya. Mu kuwa ƴar muke haifa mu yar da uwar. Idan gara ko ruwan sama ko gobara ta ci takardar asali, kamar yadda wuta ta ci dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbutu a Janairun 2013, wannan gurguwar kwafi ita ce za ta zama littafin har abada. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai yana riƙe da dubban takardu, amma waɗanda ke cikin akwatunan gidajen malamai ba su da mai ɗaukar hotonsu sai jikoki da wayoyinsu. Abin da jikan ya zaɓa a manhaja shi ne abin da zai rage.

Wani aibin waɗannan bugu shi ne yanke bango da shafin farko. Ana cire sunan maɗaba'a da shekarar bugu, a maye gurbinsu da tambarin wanda ya yaɗa, wani lokaci a tsakiyar rubutu. Magabata masu kwafar littafi da hannu sukan rufe aiki da sunansu da ranar da suka gama, wani lokaci har da wanda aka yi wa kwafin, don a san inda za a koma in an ga kuskure. Mai sikani magajinsu ne, amanar da ke wuyansu ita ce a wuyansa. Ya rubuta a shafin ƙarshe: daga wane bugu ya ɗauka, a kan ɗigo nawa, kuma ina uwar kwafin take. Ya tura aikinsa a matsayin fayil, kada ya tura shi a matsayin hoto. Kafin ya saki, ya buɗe shafi guda ya faɗaɗa shi, ya nemi kalma mai ƙugiya ko harafi mai ɗigo. In ya iya raba baƙi da baki ba tare da ya yi canki ba, to ya saki. In ya kasa, ya koma ya sake ɗauka tun takardar tana hannunsa.