Ma'anar Kalmar "Shafi" da Yadda Ake Amfani da Ita: Tsokaci Daga Ƙasar Haɗeja

Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba kalmar shafi, watau ƙyallen da ake ɗinkawa daga cikin babbar riga. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duk sun kawo wannan ma'ana tare da ta shafin littafi. Amma jera ma'anoni daban, gano igiyar da ta ɗaure su kuma daban. Wannan igiya ita muke nema.

Tushen Kalma

A ganinmu, shafi ya samo asali daga aikatau shafa, watau bin fuskar abu da hannu. Daga nan ne magina suka sami shafe, aikin da suke yi wa bango bayan yaɓe. Shafin littafi kuwa fuska ɗaya ce ta warƙa. Ke nan jigon kalmar shi ne fuska shimfiɗaɗɗiya. Zamanta a ciki ba shi ya ba ta suna ba.

Shaida Daga Haɗeja

Wanda ya kalli hawan salla a Haɗeja zai gane haka. Idan mahayi ya zauna bisa sirdi, bakin rigarsa ya kan juyo, shafin ya bayyana. Shi ya sa maɗinkan dā suke zaɓar masa launi mai ɗaukar ido, har su sa jan alharinin da fatake ke kawowa ta Sahara a jikin rigar saƙi. Ba a kashe wa abin da za a ɓoye irin wannan dukiya. Saboda haka wanda ya fassara shafi da "abin rufin ciki" kawai ya zubar da rabin ma'anarsa, domin ado ne kafin ya zama kariya.

Shafi da Tantani

A fadamun kogin Haɗeja, masunci da ya tsaga cikin kifi zai ga wata fata siririya ta lulluɓe shi. Wannan tantani ne, kamar na cikin ɓawon ƙwai ko na kunne. Tantani halitta ne, shafi kuwa aikin hannu. Ko makaɗi da ya rufe bakin ƙaramar ganga da tantani, daga jikin dabba ya samo shi.

Kammalawa

Wannan bambanci ya shafi masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya don makarantu. In aka ce wa yaro "shafin ciki" a darasin halittar jiki, tunaninsa zai tafi ga littafi ko ga riga, alhali tantani na nan a bakin iyayensa. Shawararmu ita ce, kafin a zauna teburin fassara, a fara zama a rumfar maɗinki da bakin kogi, a ji yadda masu kalmar ke sarrafa ta.