Kabarin Shekisfiya: Tsakanin Dutse da Littafi

A garin Stratford da ke bakin kogin Avon a Ingila akwai majami'ar Holy Trinity, wadda ginin da ya fi daɗewa a cikinta ya faro tun wajejen 1210. A nan ne aka yi wa William Shekisfiya baftisma ranar 26 ga Afrilu, 1564, a nan ne kuma aka binne shi ranar 25 ga Afrilu, 1616. Manufar wannan maƙala ita ce mu auna abin da ziyarar wannan wuri ke ƙara wa mai nazarin adabi, da kuma abin da ba za ta iya ba shi ba.

Da farko, kabarin yana cikin majami'ar ne, dab da bagade, inda ba kowa ke samun makwanci ba. Galibin manazarta suna danganta wannan gata da kason ushirin amfanin gona na yankin da ya saya a 1605 a kan fam 440. Ashe ke nan attajiri Stratford ta karrama tun kafin ta karrama marubuci. Daɗin daɗawa, dutsen kabarin ba ya ɗauke da sunansa ma. Abin da ke kai ɗango huɗu ne kawai, masu sa albarka ga wanda ya ƙyale duwatsun, da la'antar wanda ya taɓa ƙasusuwan.

Ta fuskar salo, ɗangogin nan ba su da wani armashi. Har wasu suka ce ba shi ya tsara su ba. Amma idan muka dubi jigonsu, sai mu ga sun dace da wasan Hamlet, inda mai haƙa kabari ke watso ƙoƙunan kai yana waƙa. A wancan zamani akan tone tsofaffin kaburbura a tara ƙasusuwa a wani ɗaki da ke jikin majami'ar. Tsoron da marubucin ya mayar abin dariya da tunani a dandamali, shi ne ya fito tsirara a kan dutse. Binciken da aka yi da na'urar hango ƙarƙashin ƙasa a 2016 ya nuna zurfin kabarin bai kai mita ɗaya ba, kuma an taɓa hargitsa ɓangaren kai, abin da ya sa masu binciken suka yi zaton an sace ƙoƙon.

To, daga nan ne ziyara ke gazawa. A 1769 ɗan wasa David Garrick ya shirya gagarumin bikin kwana uku a Stratford don tunawa da Shekisfiya, amma ba a nuna ko da ɗaya daga cikin wasanninsa ba. Wannan bikin ne ya buɗe ƙofar yawon buɗe ido a garin, ya kuma bar mana gadon girmama marubuci ba tare da karanta shi ba.

Haƙiƙa, waɗanda suka raya sunansa abokan wasansa ne biyu, John Heminges da Henry Condell, da suka tattara wasanni 36 suka buga a 1623. Kimanin rabinsu ba a taɓa buga su ba kafin nan, ciki har da Macbeth da Twelfth Night. Ba don aikinsu ba, da Ibrahim Yaro Yahaya bai sami abin da zai fassara ya zama Daren Sha Biyu ba.

Lamarin ya shafe mu. Maziyarta suna zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda Nana Asma'u take kwance kusa da mahaifinta, amma sai a 1997 aka buga tarin ayyukanta wuri ɗaya, bisa ƙoƙarin Jean Boyd da Beverly Mack. Marubutan ajami nawa ne muka san kushewarsu alhali takardunsu suna cikin gafaka gara tana ci? Kabari yana da masu share shi. Takardun nan kuwa ɗalibanmu suke jira, su nemo su, su kwafe, su tace, su buga.