Masu Sana'ar Ƙwarya a Ƙasar Daura

A Sandamu da sauran garuruwan masarautar Daura, ƙwarya na cikin tsofaffin kayan amfanin gida, kuma masu sarrafa ta sun cancanci yabo. Daga duma ake samunta. Idan ya ƙosa ya bushe bayan damina, sai a fafe shi gida biyu, a kwashe 'ya'yan, a kankare cikin har ya yi sumul. Siffar duman ce ke nuna abin da zai zama: babba ya zama masaki, ƙarami koko, mai dogon wuya a tsaga shi ya ba da ludayi biyu.

Daga nan sai ado. Mai zane yakan ɗora wuƙa a garwashi, ya bi bayan ƙwaryar da ita, yana fitar da baƙaƙen layuka da dagi. Idan ta tsage, gyartai ya huhhuda gefen tsagar ya ɗinke ta.

Roba da kwanon silba sun rage mata kasuwa, amma masu tallar fura da nono sun riƙe ta, saboda ba ta da nauyi kuma ba ta saurin ɗaukar zafin rana.