Tarken Yanayi a Zanen Karkara na Jikin Manyan Motoci: Misali Daga Iyakar Jibiya

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda mai zane ke gina yanayi, watau halin da hoto kan jefa zuciyar mai kallo a ciki. Misalinmu shi ne hoton karkara da akan zana da fenti a bayan manyan motoci, irin waɗanda kan jeru a Magamar Jibiya kafin su tsallaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi.

Kayan cikin irin wannan hoto kaɗan ne: gulbi, giginya, shanu, bukka, sai rana gab da faɗuwa. Natsuwarsa daga abu uku take fitowa. Na farko, shimfiɗa: gaɓar gulbi da bakin sama duk a kwance suke, ido kuwa kan huta bisa layin da ke kwance. Na biyu, launi: kore da shuɗi sun rinjayi ja, sa'an nan ga ruwan ɗorawa na la'asar sakaliya, lokacin da manomi kan saɓa fartanya. Na uku, sarari: filin da aka bari ba kome shi ke kawo shiru. In aka cika shi da ado don a burge direba, sai hoton ya koma hayaniyar kasuwa.

Wani zai ce wannan natsuwa yaudara ce, domin ƙauyukan Jibiya sun sha hare-haren 'yan bindiga, iyakar kuma an rufe ta a watan Agusta na 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Amma sai mu lura da abin da mai zane ya ƙi sawa: shinge. Layin da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906 ya raba Katsina da Maraɗi, inda har yau ake kiran sarki Sarkin Katsina. Hoton yana nuna ƙasar a haɗe, ya zama ma'aunin da mai jiran layi zai auna abin da aka rasa.

Rauninsa shi ne kullum damina ce. Da wuya a ga hazon hunturu, ko gawo, ko rumbu bayan kaka, alhali natsuwar ƙasar Katsina ta fi bayyana a nan. Duk da haka, ya kamata Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya adana waɗannan hotuna, domin rana da ƙura na cin fenti, mota kuma in ta tsufa da hotonta take tafiya.